Ranar da Rumbu Ya Riƙe Baba Sanda

Duk wanda ya ƙara zuwa gabana yana washe baki yana cewa tsohonsa ya yi ƙiba, wai hutu ya karɓe shi, wallahi sai mun ɓata. Na taɓa faɗin irin wannan magana da bakina, a kan mahaifina, kuma ina sanye da fararen kayan asibiti sa'ad da na faɗe ta. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Sunana Zuwaira, ni ce autar Malam Sanda, manomi a wani ƙauye da ke bayan Gozaki. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Wannan ya ba ni bakin da yayyena maza biyu, Yaya Sule da Yaya Mannir, ba su da shi a gabansa. Su sai su durƙusa su sunkuyar da kai, ni kuwa in zauna gefen tabarmarsa in yi ta zuba, yana dariya yana cewa ai ba a hana uwa magana.

A gidan Maguzawa aka haifi Baba. Kakanmu Ɗanasabe a kan addinin iyayensa ya bar duniya. Baba ya musulunta tun yana saurayi, ya bar giya, ya bar tsafi, amma duk abin da ya shafi gona da hatsi bai saki ko ɗaya ba. Gajere ne, mai faɗin ƙirji. Tsofaffin garinmu har yau suna ba da labarin yadda yake shiga gayya: idan ya kama garma ya sa kai a kunya, sai ya kai ƙarshen gona ya juyo kafin sa'o'insa su kai rabi. Ni kaina na tashi na gan shi yana ɗaga buhun masara shi kaɗai ya aza kan jaki, ko nishi babu. Ina ƙarama nakan sa hannuwana biyu in ce zan zagaye damtsensa, yatsuna ba sa haɗuwa.

A bayan gidanmu akwai rumbun ƙasa da Kaka ya gina da hannunsa, zaune a kan duwatsu saboda gara. Babba ne, wanda ke tsaye a cikinsa ko ya miƙa hannu ba ya kai bakin sai ya yi tsalle. Ba shi da ƙofa. Baki ɗaya gare shi, a can sama, faɗinsa daidai kafaɗun mutum, da murfin ciyawa a kai. Da wani gungumen icce mai sara-sara ake hawa. A cikinsa ake zuba dawar gandu, wato abin da dukan gida ya noma tare, wanda za a ci har shekara ta zagayo. Bayan girbi, idan rumbu ya cika, sunkuyawa kawai za ka yi ka ɗebo. Amma kullum hatsi yana ja baya, kai ma kana bin sa ƙasa. Idan ya kai gindi, dira za ka yi ciki, ka cika kwando, sannan ka daka tsalle ka kama sandar da aka gitta a baki, ka ja jikinka sama da ƙarfin hannunka. Bayan ka fito sai ka jawo kwandon da igiya.

To, dokar gidanmu ita ce babu mai shiga wannan rumbu, kai, babu ma mai leƙa shi, sai maigida. Ba don rowa ba. Baba ya ce idan kowa ya san abin da ya rage, ranar da ya yi ƙasa gida duka ba zai yi barci ba, mata su shiga tsimin abinci, samari su fara tunanin raba gona kowa ya kama gabansa. Gara mutum ɗaya ya ɗauki tsoron, sauran su ci su ƙoshi. Kuma duk ranar da ɗa ya sa ƙafa a ciki, gandu ya zama nasa ke nan, ba a komawa baya. Baba ya fara shiga kwana uku da rufe Kaka. Kaka ma haka ya karɓa daga nasa uban. Ba a taɓa jin wanda ya miƙa rumbu yana numfashi ba.

Baba yana da shekara sittin da biyu wani zazzaɓi ya kwantar da shi sati biyu ana tsakiyar huɗa. Ya warke sarai, ya miƙe zai koma gona, sai Yaya Sule ya zo ya durƙusa a gabansa, Yaya Mannir na bayansa.

"Baba, ka yi naka," in ji shi. "Ga mu mun kawo ƙarfi, ga shanun huɗa. Abin kunya ne a ga ubanmu duƙe cikin rana muna raye."

Baba ya yi musu, ya yi faɗa, har kwana biyu bai amsa gaisuwarsu ba. Amma dattawan gari suka shiga maganar, kowa na sa wa yaran albarka, ana cewa Sanda ka haifu. A ƙarshe Yaya Sule ya ɗauke garmar ya kai ɗakinsa. Aka saya wa Baba kujera mai jingina aka ajiye a ƙofar zaure, ƙarƙashin darbejiya. Abu ɗaya aka bar masa, wanda babu mai ikon karɓa: rumbu. Duk bayan kwana bakwai ya hau, ya ɗebo na mako.

Kada wani ya ji wannan ya zagi yayyena. Ƙauna ce tsagwaronta. Ni ma lokacin murna na yi, har da guɗa.

Haka shekaru suka yi ta wucewa yana kan kujera. Haƙoransa na ciki suka zube, nama ya gagare shi, ko an sa masa a kwano sai ya tura wa wani. Wake ya ce yana kumbura masa ciki. Inna, mahaifiyarmu, ta koma yi masa abin da zai wuce ba tauna: koko da sukari da safe, fura da sukari da rana, shayi da burodi idan an dawo daga kasuwa, tuwo mai laushi da dare. Sai ga tumbi ya fito. Kumatu suka ciko. Mata in sun shigo gaisuwa sai su ce wa Inna, "Ke, Malam ya murje, tubarkalla!" Inna ta yi ta jin daɗi.

Ni kuma na gama karatun kiwon lafiya, na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a Malumfashi, inda nake auna nauyin mutane da jininsu. Duk sanda aka kawo Baba a babur ya zo kasuwa, sai ya biyo ta wurina ya hau sikeli. Kilo saba'in da ɗaya. Wata shekara saba'in da biyu, wata ya dawo saba'in da ɗaya. Ya ce tun zamanin da suke hawa sikelin masu sayen auduga a Funtua don wasa, nauyinsa ke nan.

"Tau, Uwata, ina nan ko?" zai tambaya.

"Kana nan daram, Baba. Ko ƙwaya ba ka rage ba."

Sai ya gyara hula ya fita yana murmushi. Shekara takwas ina faɗa masa haka.

Ranar da idona ya buɗe, Sista Hajo tana nan. Ita ce babbarmu a wurin, tsohuwar ma'aikaciya ce mai kaifin baki, ba ta raga wa kowa. Baba ya gama hawa sikeli ya zauna kan benci yana hira. Da zai tashi sai ya dafa gwiwoyinsa, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Sai a na uku ya miƙe. Ni ban ɗauki abin komai ba. Sista ta matso ta gaishe shi, ta miƙa masa yatsunta biyu ta ce, "Baba, matse min nan da iyakar ƙarfinka." Ya matse yana dariya. Ita ma ta yi dariya, ta raka shi har ƙofa. Tana dawowa ta rufe ni da faɗa.

"Ke Zuwaira, me kike gaya wa bawan Allahn nan?"

"Nauyinsa bai canja ba, Sista."

"Sikeli ya san abin da ke cikin buhu? In na kwashe rabin masara na cika da ƙasa, ba nauyin zai ba ki ba? Ubanki tsoka ta tafi, kitse ya zauna a wurinta. Matsar da ya yi min, wallahi mai jego ta fi shi."

Na ji haushi, na ce ai tsufa ne, kowa zai yi. Ta ce in zauna. A ranar ta koya min abin da na karanta a makaranta na haddace don jarrabawa, amma ban taɓa ɗora shi a kan mutumin da nake so ba.

Ta ce tun mutum na wajen shekara arba'in tsokarsa ke fara raguwa kaɗan-kaɗan, ba ya ma sani, idan ya haura sittin kuma sai abin ya ƙara gudu. Akwai jijiyoyi da ke fitowa daga lakar baya suna kai wa tsoka umarni. Da shekaru wasunsu ke mutuwa, kuma duk zaren tsokar da ya rasa mai ba shi umarni sai ya ƙanƙance. Waɗanda suka fi saurin tafiya su ne na ƙarfin farat ɗaya, na tsalle, na fizga, na tare kai in an yi tuntuɓe. Sinadaran da ke sa jikin saurayi ya gina nama su ma suna ja baya. Shi ya sa wake ko naman da zai ishi matashi ya gina jiki, tsoho sai ya ci fiye da haka kafin jikinsa ya amsa, ga shi kuma lokacin ne haƙori da marmarin abinci suke gudu.

"Gurbin kuma ba ya zama fanko," in ji ta. "Kin taɓa ganin naman tsohuwar saniyar da aka turke, fari-fari ya ratsa cikin jan? Haka kitse ke kutsawa cikin tsoka. Saura ya taru a ciki, ya naɗe hanji. Wannan na cikin ba zaune yake lafiya ba, shi ke jawo ciwon sukari da hawan jini, yana kuma ƙara cinye tsokar. Ƙashi ma da jan da tsoka ke yi masa yake riƙe ƙwarinsa, in ta daina ja sai ya yi ta zama holoƙo. Har ruwan jiki raguwa yake, don tsoka ce ke riƙe shi, ga tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri."

Na ce, "To ai babu magani ke nan."

"Tsufa ba shi da magani. Amma zaman kujera ninka shi yake. Wa ya karɓe masa garma?"

"Mu ne," na ce.

"Ku mayar masa da aiki daidai ƙarfinsa. Ku ba shi wake, da awara, da ƙwai, da nono. Ko ɗan saba'in in ya motsa ya ci, wani abu yana dawowa. Ba duka ba, amma yana dawowa."

Ranar Asabar na hau mota na tafi gida da zafina. Na samu Yaya Sule yana ba shanu harawa, na zayyane masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye harawar.

"Wato so kike in ɗauki garma in miƙa wa Baba, yana da shekara saba'in, in ce ya koma gona?"

"Ba garma ba, Yaya. Ko 'yar fartanya ce."

"Gari ya ce me? A ce 'ya'yan Sanda sun gaji da ciyar da shi? Zuwaira, bokon nan naki ya tsaya Malumfashi."

Na ce masa gari ba shi zai ɗauki Baba ba ranar da ya faɗi. Ya ce in iya bakina. Muka rabu ba daɗi, wata guda ko a waya ba mu gaisa ba.

Sai na koma ta wajen Baba. Na kawo masa awara mai zafi, ya kalle ta ya ce abincin 'yan makaranta ne, ya ci yanka ɗaya don kada in ji haushi. Na lallaɓa shi na ce kuɓewar Inna ta bayan katanga ciyawa ta cinye ta, ko zai taimaka. Wai! Ku zo ku ga yadda fuskarsa ta yi haske. Washegari da sassafe ya ɗauki fartanyar Inna ya duƙa. Kunya biyu ya yi ya zauna yana haki, amma yana dariya. Ya yi haka kwana huɗu. A na biyar wani maƙwabci ya biyo ta hanyar, ya tsaya ya riƙe baki.

"Assha! Malam Sanda, ina yaran suka shiga?"

Kafin azahar magana ta zagaye gari. Yaya Sule ya dawo daga masallaci idonsa jawur, ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Me muka rage ka da shi?"  Nan take Baba ya miƙa wa Inna fartanyarta. Da na zo na yi ƙorafi, sai ya ce, "Uwata, bar shi. Ba zan kunyata 'ya'yana a kan kuɓewa ba."

Akwai magana ɗaya da ta rage, wadda ita ce ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce na kasa faɗi. Ya kamata in ce, Baba, ka daina shiga rumbu. Na shirya ta a mota ya fi sau goma. Amma da na iso na gan shi ranar ɗibar hatsi, ya ɗaure mazagi, ya naɗe ƙafar wando, yana ba Inna umarni da muryar da ba ya amfani da ita sauran kwanaki shida, sai bakina ya mutu. Ni mai bakin da ba a hanawa. Na ce wa kaina ai shekarun nan ana samun albarka, hatsi ba ya kai gindi, kullum yana da tudun da zai taka ya fito. Da wannan na rarrashi kaina har shekara uku.

Sai aka yi daminar da ruwa ya ɗauke dawa na tsakiyar fitar da kai, tsutsa kuma ta bi abin da ya saura. Abin da aka zuba a rumbu bai kai na kullum ba. Babu wanda ya san iyakarsa sai Baba, shi kuma ko a fuska bai nuna ba.

Wata Asabar ce cikin marka ta shekarar da ta biyo, ina gida. Yayyena sun tafi gona. Baba ya sha koko, ya ɗauki kwando da igiya, ya zagaya baya. Na ga yadda ya hau gungumen, yana tsayawa a kowace sara. Ya ture murfin, ya zura ƙafafu, tumbinsa ya ɗan tokare a bakin, ya murɗa ya wuce. Muka ji dirarsa, tim, daga can ƙasa. Ni da Inna muka tsaya muna jira.

Muka ji yana zuba zangarniya a kwando. Aka yi shiru. Sai muka ji tim. Aka jima, muka sake jin tim, da wani ɗan nishi. Na ga yatsu huɗu sun bayyana a kan sandar bakin rumbu, suka yi fari, suka zame.

Na yunƙura, Inna ta damƙe min hannu. "Kada ki kira kowa," ta ce a hankali. "Ba shi lokaci."

Muka ba shi lokaci. Sau bakwai na ga yatsun nan suna kama sanda suna saki. Daga baya ma suka daina kaiwa. Rana ta take tsaka, irin zafin nan mai ɗauke numfashi da ke zuwa kafin hadari, ga shi ko ruwa bai shiga da shi ba. Na matsa jikin rumbun na kafa bakina.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata." Muryar ta fito a dushe. "Gara nake dubawa."

Nan na fashe da kuka. Mutum yana cikin wannan hali, amma abin da ya dame shi kada mu sani. Na fizge hannuna daga na Inna na kira Yaya Sule a waya.

Suka iso a guje, ƙafafu duk taɓo. Yaya Sule ya hau gungumen, amma da ya kai sama sai ya kawar da fuskarsa gefe, yana kallon gabas, don kada idonsa ya faɗa ciki. A haka ya yi magana.

"Baba, ga igiya nan, ka kama."

Ya kama. Yaya Sule ya ja, igiyar ta zare daga hannun Baba. Aka ce ya ɗaura ta a ƙirji. Ya ɗaura, amma mutum ɗaya a kan gungume ba zai iya ɗaga kilo saba'in ba, in kuma mutum biyu suka hau kafaɗar rumbu suka dage, ga ƙasa ta sha ruwan marka, rufta masa za su yi a kai. Aka ce a zura gungumen ciki ya taka. Yaya Mannir ya auna da ido ya ce in gungumen ya shiga bakin, babu sauran wurin da cikin Baba zai bi. Duk wannan ana yi, gabas tana haɗa baƙin hadari.

Yaya Mannir ya ruga ya ɗauko diga. Ya ce zai huda gefe, Baba ya fito ta nan. Ya kai sara ɗaya ke nan muka ji tsawa daga ciki, irin wadda rabon da mu ji ta tun muna yara.

"Wane ne wannan? Kada wanda ya ƙara taɓa shi! Ku huda shi cikin marka, ruwa ya shiga, kafin safe ya narke, ku ci me?"

Yaya Mannir ya saki digar.  Iska ta fara kaɗa ganyen masara, an fara jin ƙamshin ruwa. Babu wanda bai san hanyar da ta rage ba, kuma babu wanda zai iya furta ta. Inna ta zauna a ƙasa ta rufe kai da zane. Sai muryar Baba ta fito daga ciki.

"Sule."

"Na'am, Baba."

"Tuɓe takalminka."

Ba a shiga wurin hatsi da takalmi. Yaya Sule, mai 'ya'ya shida da furfura a gemu, ya kifa kansa a jikin rumbun.

"Baba, don Allah a'a. A nemo wata dabara. A kira mutane."

"In gari ya taru ya ciro ni kamar akuyar da ta faɗa rijiya? Na ce ka tuɓe."

Takalman suka faɗo ɗaya bayan ɗaya. Yaya Sule ya yi bisimilla, ya zura ƙafafunsa, ya ɓace. Yaya Mannir ya hau ya tsaya a saman gungumen, shi ma fuska a gefe, ya miƙa hannu ciki yana lalube. Daga baya na ji yadda aka yi: Yaya Sule ya durƙusa, Baba ya taka bayansa, ya hau kafaɗunsa, shi kuma ya miƙe da shi a hankali.

Hannuwa suka fara fitowa, tafukan duk sun saɓule. Hannun rigar ya zame har kafaɗa, a karon farko cikin shekaru na ga damtsen Baba a fili, cikin hasken rana. Fata ce kawai take reto a jikin ƙashi. Sai kai, ba hula. Cikin ya tokare a bakin, Yaya Mannir na ja, Yaya Sule na turawa daga ƙasa, har ya kuɓuce. Muka sauko da shi, ni na tare ƙafafunsa ina ɗora su a kan sara ɗaya bayan ɗaya. Da ya taka ƙasa na kawo ruwa, ya shanye kofi biyu bai kalli kowa ba.

Ɗigon farko ya fara sauka. Sai muryar Yaya Sule ta fito daga cikin rumbun.

"Baba, kwandon bai cika ba. In ƙara, ko in bar shi haka?"

Duk muka juya muka kalli Baba. Ya buɗe baki kamar zai ba da amsa, na ga amsar ta zo masa har leɓe, don ya san ta sarai. Sai ya haɗiye ta.

"Kai ke ciki," ya ce. "Kai ka ga abin da ya rage."

 Can sai muka ji kukan namiji babba daga ciki, ƙasar rumbun tana ƙara masa kauri. Ko don uban yake yi, ko don abin da ya gani a gindin rumbun, ban tambaye shi ba har yau, shi ma bai faɗa ba.

Baba ya juya ya nufi cikin gida yana dafa katanga. Ruwa ya sauko da ƙarfi. Inna ta tashi ta bi shi ta kama masa hannu, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabanmu ba, shi kuma ya bar ta ta riƙe.

Ya ƙara wata goma sha huɗu a duniya. Ba ciwo ya yi ba, ba kuma faɗuwa ya yi ba, a hankali ya yi ta lafewa. Ana kawo masa tuwo ya ce an gode, kamar baƙo. A duk tsawon watannin nan, ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta sake zagayawa bayan gida ba.